Takardar da Afiniki Ta Rubuta wa Allah

Ranar da Afiniki ta fara ganin Irmiya ko kallo na biyu ba ta yi niyyar yi masa ba. Litinin ce ta bayan Ista, rana ta take a tashar Jega, tana tsaye da farar rigarta ta taron matasa da Baibul a hammata, motar Maiyama kuwa ta ƙi cika. Sai ga wata akori-kura daga wajen Aliero, an lafta mata buhunan albasa har tana tafiya a karkace. Direban, Labbo, ɗalibin mahaifinta ne tun a firamare. Ya leƙo ya ce, "Ɗiyar Malam, in gida za ki, taho mu rage miki hanya."

Wani saurayi ne zaune a gaba, dogo, baƙi, rigarsa duk ɓawon albasa. Bai jira an ce masa komai ba ya sauko, ya cire hularsa ya karkaɗe mata kujerar da ita, ya haye saman buhuna. Ta ce ta gode ba tare da ta ɗaga kai ba, don hankalinta yana kan ambulan ɗin da ke cikin Baibul ɗinta.

Kwana uku suka yi a taron. Baƙon mai wa'azi aka gayyato daga wani babban birni, mai murya kamar an kunna lasifika. A ranar ƙarshe ya sa kowane matashi ya ɗauki takarda ya rubuta abin da yake so Allah ya yi masa, dalla-dalla, har da ranar da yake so a yi. Ya ce wanda ya roƙi ƙarami ya raina Allah, wanda kuma ya karɓi abin da bai kai abin da ya rubuta ba, to ya nuna ba shi da bangaskiya. Aka liƙe takardun a ambulan, aka jera a gaban bagadi, ya yi addu'a a kansu har muryarsa ta dishe, sannan aka mayar wa kowa tasa. Abu uku Afiniki ta rubuta: aiki a Abuja, miji mai aikin ofis da mota, kuma a sa mata rana kafin shekara ta ƙare.

Kada a yi mata dariya. Yarinya ce mai shekara ashirin da huɗu, ta gama digiri a Aliero, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida tana taya uwarta suyar ƙosai. Kullum ta buɗe waya sai ta ga wata 'yar ajinsu a jingine da mota ta rubuta godiya ga Ubangiji a ƙarƙashin hoton. Afiniki tana son Allah da gaske, tun tana ƙarama take cikin mawaƙan coci. Abin da aka gaya mata a gaban bagadi ta ɗauka ta riƙe da hannu biyu.

Da suka isa Maiyama saurayin ya diro ya miƙo mata jakarta.

"Daga taro kike? Ni ma na so zuwa, albasa ta hana."

Sai a lokacin ta dube shi. "Kai mai bi ne?"

"Irmiya sunana. Ni nake kaɗa ganga a cocinmu na Aliero. Iyayena mutanen Zuru ne, amma ni a fadama aka haife ni, kusan a cikin kunyar albasa."

Ta so ta daure fuska, murmushi ya ƙwace mata. Ya nemi lambarta, ta ji nauyin hana shi a gaban Labbo, ta ba shi. Da yamma saƙo ya shigo:

"Fasinjata, ina fata kin huta gajiya. Ki ba farar rigarki haƙuri. Ki jiƙa ta da lemun tsami, warin zai fita. Irmiya, na saman buhu."

Ta karanta sau uku. Ta rubuta masa: "Na gode, Mai Albasa. Rigar ta ce ta yafe."

Daga nan abin ya fara, a hankali, yadda irin wannan abu yake farawa. Irmiya yana aiki a wajen wani dillalin albasa, Alhaji Rufa'i. Shi yake ɗaura masa rudu, wato rumfar kara mai gado a ƙasa da ake jibge albasa a kai iska tana ratsa ta, a ajiye ta tun daga girbi har ta yi daraja. A shekarar ne ya fara ɗaura rudu ɗaya nasa na kansa. Da ya ji cewa makaɗin cocin su Afiniki ya koma garinsu, sai ga shi kowace Lahadi a kan tsohon babur ɗinsa, tun daga Aliero, ya ratso Jega ya zo Maiyama, wai ya zo taimakon ikkilisiya. Matan zumunta suka dubi juna suka ce lallai ikkilisiya ta yi sa'ar mai taimako.

Bayan sujada yakan tura babur ɗin da hannu ya raka ta gida.

"Me ya sa ba ka hawa?" ta tambaye shi wata rana.

"In na hau, minti biyu mun iso. In na tura, ina samun ashirin."

"Ba ka gajiya?"

"Ina gajiya mana. Sai na tahi nake jin ta, ba lokacin da kike kusa ba."

Ranar ko abincin rana kasa ci ta yi. Ta kamu da sonsa, so mai nauyi, kuma ta san ta kamu. Nan ne tsoro ya shige ta. Ta dubi ambulan ɗin, ta tuna abin da ke ciki, ta auna Irmiya da shi ta ga ko layi ɗaya bai cika ba. To in ba amsar addu'a ba ne, mene ne? Ta yanke wa kanta hukunci cewa jaraba ce, Shaiɗan ne ya turo shi don ta karɓi ƙarami ta rasa babba. Ta ɗauki azumi na kwana uku tana roƙon Allah ya cire mata shi daga zuciya. A rana ta uku ga yunwa ga jiri, ga Irmiya nan daram inda yake.

Uwarta, Mama Liyatu, ba ta ɓoye nata ra'ayin ba. "Ban sha hayaƙin ƙosai shekara da shekaru don ki yi digiri ki ƙare a gidan da ko labule sai ya yi warin albasa ba. Yaron kirki ne, ban ce ba. Kirki dai ba a dafa shi." Mahaifinta, Baba Manga, wanda dattijo ne a ikkilisiya, yana jin su yana gyara rediyonsa.

A watan goma Irmiya ya tsayar da babur a gindin wata tsamiya kafin su kai gida.

"Afi, ni ban iya doguwar magana ba. Ina son ki. Ina so in turo manyana wajen Baba."

Idonta ya ciko. "Irmiya, ina da alkawari da Allah."

"Alkawarin mi?"

Ta gaya masa duka, ba ta rage ko ɗaya ba, har motar. Ya murza hannun babur.

"Ke nan ni ba na cikin takardar."

"Ba ka ciki."

"A cikin ranki fa?"

Ta juya masa baya tana share hawaye da bakin gyale. Ya ce, "Shi ke nan, kada ki yi kuka. Shekara ta kusa ƙarewa. Zan jira tare da ke."

Ana saura mako biyu Kirsimati wata mota mai ruwan toka ta tsaya a ƙofar coci. Barnaba ne, ɗan wani dattijo da ya rasu, ya zo hutu daga Abuja inda yake aiki. Mutum ne mai fara'a da son jama'a. Ya kai Mama Liyatu kasuwar Jega ya dawo da ita, ya kwashi mawaƙa zuwa biki a Karaye, Afiniki ce a gaba. Da ya ji tana zaune ba aiki ya ce ta turo masa takardunta. Kwana biyu bayan haka ya aiko mata: "Ƙanwata, na ga takardunki, kin yi ƙoƙari sosai. Irinku bai kamata a bar ku a gida ba."

Afiniki ta durƙusa a ɗaki riƙe da wayar. Ga Abuja, ga ofis, ga mota, duk a jikin mutum ɗaya, kuma shekara ba ta ƙare ba. Ta danne abin da take ji game da Irmiya, ta ce wa kanta ai bangaskiya dama sai da sadaukarwa. Barnaba bai taɓa ce mata yana son ta ba. Amma an koya musu a Jega cewa mai bangaskiya yana yin godiya tun kafin abu ya shigo hannu.

Lahadin ƙarshe ta shekara ita ce ta godiya. Da Fasto ya ba da filin shaida, Afiniki ta tashi ta fita gaba.

"Ina gode wa Ubangiji. A watan huɗu na rubuta masa abin da nake so, na sa rana. Mutane sun ga kamar wauta ce. Yau ina shaida muku ya amsa. Ya aiko mini da mijina har ƙofar gida, yadda na rubuta, ba abin da ya rage."

Ba ta ambaci suna ba, amma cocin bai kai mutum ɗari ba, kuma mota ɗaya ce a waje. Kawuna suka juya wajen Barnaba, shi kuwa ya yi tsuru-tsuru kamar wanda aka tasa daga barci. Mata suka rangaɗa guɗa, wata ta ɗauko waƙar yabo, aka juya ana jiran ganga. Gangar tana hannun Irmiya. Ya sunkuyar da kai ya kaɗa musu har waƙar ta ƙare, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Kafin a yi addu'ar rufewa ya ajiye ta ya fita.

Da la'asar saƙon Barnaba ya zo:

"Ƙanwata, ki gafarce ni in na yi abin da ya sa kika fahimce ni ba daidai ba. An sa ranata da wata a Kaduna tun watan tara, bikin yana watan biyu. Na ɗauke ki ƙanwa ne tsakani da Allah. Maganar aiki zan ci gaba da gwadawa, amma ban yi alkawari ba. Allah ya ba ki naki."

Ba ta yi kuka ba a ranar. Ta zauna a bakin gado har aka kira magariba a masallacin unguwa, wayar tana cinyarta. Kunya tana nan, mai yawa, don ta san kafin gobe labarin ya zaga Maiyama har gidajen da ba su san ƙofar coci ba. Amma ba kunyar ce ta fi ci mata rai ba. Ita dai ta yi duk abin da aka ce. Ta rubuta, ta yi azumi, ta yi godiya tun kafin ta gani, ta ture mutumin da take so da hannunta. Ta tashi ta ɗauki Baibul ɗin da ambulan a cikinsa ta sa a ƙasan akwati, ta jibga zannuwa a kai.

Lahadi ta zo ba ta shirya ba. Ta biyu ma haka. Ta daina addu'a kafin cin abinci, in ana sujadar safe a tsakar gida sai ta ɗauki bokiti ta nufi famfo. Da uwarta ta matsa mata, ta ce, "Mama, wanda bai cika alkawari ba, me zan je in gaya masa?" Mama Liyatu ta dafe ƙirji. Hatta maƙwabciyarsu Tabawa, da ta saba jin muryarta tana bitar waƙa ta kan katanga, sai da ta ce, "Ɗiyar Malam, lahiya? Kwana biyu ban jin ki." Ta ce mura take yi. Murar ta kai wata takwas.

A watan uku Irmiya ya zo gidan, shi kaɗai, da rana. Tana ɗaki, labule ne kawai tsakaninta da su. Ta ji ya gaida Baba, ta ji ya ce har yanzu yana kan bakansa, abin da ya faru bai canza masa komai ba.

Baba Manga ya ce, "Ɗana, ba zan ba ka ita yanzu ba."

"Baba, in don sana'ata ce..."

"Ba don ita ba ce. Uwarta ce ke wannan zancen, ni ban taɓa raina mai neman halaliyarsa ba. Yarinyar nan fushi take yi da Mahaliccinta. In ta aure ka a haka, kullum ta dube ka za ta ga abin da aka ba ta bayan an hana ta wanda ta roƙa. Kai ba ka cancanci haka ba, ita ma ba za ta ji daɗi ba. Ka koma Aliero. Ka bar zuwa, ka yi mata addu'a."

Ta toshe bakinta da filo. Ta ji haushin mahaifinta ƙwarai, kuma abin da ya fi ba ta haushi shi ne ta san gaskiya ya faɗa.

Irmiya ya bi maganar Baba, bai sake zuwa ba. Sai dai kowace Lahadi da rana saƙo ɗaya yakan shigo, kusan iri ɗaya: "Fasinjata, yau na ambace ki a gaban Ubangiji. Ba sai kin amsa ba." Ba ta amsawa. Ba ta kuma gogewa.

A watan takwas aka yi ruwa na kwana huɗu ba ƙaƙƙautawa. Ranar Juma'a Labbo ya tsaya gaida malaminsa, a cikin hira ya ce ai Irmiya ya gamu da jarabawa. Ruwa ya kwanta ƙarƙashin rudunsa, danshi ya kama albasar tun daga ƙasa, ta ruɓe kaf. Wahalar shekara uku ce ya tara a wurin. Afiniki tana wanke-wanke, kwanon ya suɓuce daga hannunta. Washegari da safe ta ce wa uwarta za ta Aliero, ba ta tsaya jin amsa ba.

Tun daga nesa warin ya tare ta. Ta same shi da shebur da baro yana kwashe baƙar albasa mai yauƙi yana kaiwa rami. Alhaji Rufa'i yana tsaye a gefe ya toshe hanci da bakin rawani yana cewa, "Haƙuri, Irmiya. Wanga abu na Allah na. Baɗi in muna da rai ni ka ba ka iri." Da ya ga baƙuwa sai ya yi sallama ya ba su wuri.

Irmiya ya rame. Ya dube ta kamar bai yarda da idonsa ba.

"Afi, koma baya, za ki ɓata kayanki."

Ta naɗe zani ta tsuguna ta fara tona tulin da hannu, tana ware 'yan waɗanda suka tsira. Sun fi awa suna aikin. Abin da suka samu bai cika kwando biyu ba.

"Ka yi addu'a a kanta?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Kullum. Tun ranar da na ɗaura rudun."

"To?"

"To mi?"

"Ba ka ji haushinsa ba?"

Ya jingina shebur ɗin ya zauna a kan baro. "Na ji. Shekaranjiya a nan na zauna na yi kuka har na gode Allah ba kowa kusa. Na gaya mai duk abin da ke raina, ban ɓoye ba. Da wannan albasa na so in gina ɗakin da zan sa ki." Ya share fuska da hannun riga. "Amma Afi, roƙonsa na yi. Bai taɓa ce mini albasata ba za ta ruɓe ba. In na ce ya faɗa, na yi mai ƙarya."

"Gobe za ka coci?"

"Zan je. Ina zan kai wannan baƙin cikin in ba can ba?"

Ya raka ta tasha, ya saya mata ruwa ta wanke hannu, bai yi mata zancen so ba ko kalma ɗaya. Tun daga Aliero har Jega, daga Jega har Maiyama, maganarsa tana yi mata yawo a ka.

Tana isa ta buɗe akwati ta ciro ambulan ɗin. Baba Manga yana zaune a inuwar zaure. Ta durƙusa ta yage bakin ambulan ta miƙa masa takardar.

"Baba, ga alkawarin da aka karya mini. Ku duba ku gaya mini laifina."

Ya sa tabarau ya karanta a hankali, yadda yake duba jarabawar yara a da.

"Rubutun wa ne wannan?"

"Nawa ne."

"Ranar nan da aka sa, wa ya zaɓe ta?"

"Ni ce."

"Sa hannun da ke ƙasa fa?"

"Nawa ne, Baba."

Ya juya bayan takardar, fari fat, ya sake juyowa. "To ina nasa?"

Ta karɓa ta duba, kamar mai tsammanin za ta ga wani abu da ba ta gani ba a da. Rubutunta ne tun daga sama har ƙasa, da shuɗin biro, har inda ta yi kuskure ta soke.

"Ni na koya miki riƙe alƙalami, ɗiyata, na san hannunki," in ji Baba. "Roƙo kika rubuta, kuma roƙo ba laifi ba ne. Amma wata takwas kina gaba da Ubangiji a kan maganar da ke kika faɗa, ba shi ba." Ya cire tabarau. "Ni ma da nawa laifin. Na ga kun dawo daga Jega da ambulan, ku goma sha ɗaya. Raina bai kwanta ba, amma na yi shiru don kada a ce tsoho ba shi da bangaskiya. Yau uku a cikinku ba sa zuwa coci. Wannan yana wuyana."

Sai a lokacin kukan da ta riƙe tun watan sha biyu ya zo. Ta kifa kai a gwiwar mahaifinta ta yi shi mai isarta, shi kuma ya dafa kanta bai hana ta ba. Da ta natsu ta ɗauki waya ta rubuta saƙon farko cikin wata takwas:

"Mai Albasa, gobe ka zo Maiyama. Baba ya sani. Ba don ganga ba."

Da safe ta shiga coci ta zauna a bencin baya, tana jin idanu a jikinta. Da aka ba da filin shaida ta miƙe. Ta tsaya a daidai inda ta tsaya a da.

"A nan na tsaya na ba da shaidar abin da Allah bai yi ba. Na kunyata bawan Allah da bai san komai ba, na ɓata wa wani rai a gabanku. Da abin ya rushe sai na ce Ubangiji ne ya yi mini ƙarya. Ni ce na yi masa. Na rubuta son raina na ce maganarsa ce. Har yau ba ni da aiki, ba ni da ko ɗaya cikin abin da na rubuta. Na dawo ne haka nan, hannu wofi. Ina roƙon gafararsa, ina roƙon taku."

Ba wanda ya yi guɗa. Wata yarinya a cikin mawaƙa ta kifa kai a kan Baibul ɗinta tana sheshsheƙa. Fasto ya sauko ya ɗora wa Afiniki hannu ya yi addu'a gajeriya, jama'a suka amsa da amin mai nauyi.

Irmiya yana jiranta a waje kusa da babur.

"Afi, kin dai ga abin da ya rage mini. Kwando biyu."

"Da hannuna na tsince su."

"Ba na so ki zo wajena don kin rasa wani."

"Ba don haka ba ne. Tun kafin wannan duka na yi azumin kwana uku a cire mini kai daga raina. Ba a cire ba."

Ya buɗe baki. "Azumi kika yi a kaina? Kamar wata cuta?"

"Har da jiri."

Ya yi dariya har ya dafa babur, ita ma ta yi, hawaye yana zuba. Sannan ya ce a hankali, "To ni ma ban warke ba, masoyiyata. Zan turo manyana."

Baba ya karɓe su. Mama Liyatu ta ɗauki makonni tana kumbure-kumbure, tana cewa ita dai ba haka ta so ba, kuma ba ta janye maganar ba har ranar biki. Amma ita ce ta je Jega da kanta ta zaɓo atamfar anko, ta kuma yi faɗa da tela a kan ɗinkin rigar ango.

An ɗaura auren a watan sha ɗaya, bayan an kai gero gida. Ɗaki ɗaya Irmiya ya kama haya a Aliero, amarya kuma har lokacin aiki bai samu ba. Alhaji Rufa'i da Labbo suka zauna a rumfar da aka kafa a waje, Tabawa tana bakin tukunya tun safe tana ba 'yan zumunta umarni kamar ɗiyarta ake aurarwa.

Fasto ya fara karanta alkawarin aure tana maimaitawa, muryarta tana fita sarai. Da ya zo wurin da ake cewa cikin samu da cikin rashi, sai ta tsaya. Ya ɗauka ba ta ji ba, ya sake faɗa. Ta dubi Irmiya ido cikin ido ta ce, "Cikin samu da cikin rashi." Sannan ta runtse ido ta ƙara da muryar da ango kaɗai ya ji, "Kai ma haka zan riƙe ka, ya Ubangiji."

Irmiya ya matse hannunta ya ce, "Amin."

Da aka kira uban amarya ya sa albarka, Baba Manga ya taso da sandarsa, su biyu suka durƙusa a gabansa. Ya ɗora hannu ɗaya a kan kowannensu.

"Ban san abin da ke gabanku ba, 'ya'yana, kuma ba zan yi muku alkawarin abin da ban sani ba. Ubangiji ya ba ku abinci da lafiya da zuriya mai tsoronsa. Ranar da ya ba ku, ku gode masa tare. Ranar da ya hana ku, kada ɗayanku ya saki hannun ɗaya, kada kuma ku saki nasa. Ku tashi, Allah ya yi muku albarka."

Jama'a suka ce amin, na cikin coci da na rumfar waje.